Alkawarin Manjo Len

Ɗakin farko da na zauna a Amurka yana ƙarƙashin ƙasa, a wata unguwa da ake kira Largo, inda layin jirgin ƙasan Washington yake ƙarewa. Mu huɗu ne a ciki. Taga ɗaya ce, ita ma in ka leƙa ba ka ganin komai sai tayoyin motoci da ƙafafun masu wucewa. Ni da nake malamin asibiti a Funtuwa, wanda tsofaffi ke kira likita ko da na hana su, sai ga ni ina wankin mota daga safe har yamma, hannuwana sun yi fari fat saboda sanyi da sabulu.

Tanimu ne ya kawo ni, mutumin garinmu, mai daɗin baki na gasken gaske. Shi ya ce aikin asibiti yana nan yana jira na, in dai shigo da bizar ɗan gajeren kwas, sauran in bar masa. Na kuwa bar masa. Duk lokacin da na tambaye shi takarduna sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Ana kai, Habibu, ƙasar nan ba a yi mata gaggawa.” Ana kai, ana kai, har biza ta mutu a hannuna. Ranar da na shirya na je gidansa don mu yi ta ta ƙare, na tarar da wasu 'yan Habasha suna shigar da kujeru. Ashe ya koma Texas, ko sallama babu.

Ba wankin mota ne ya fi ci mini rai ba. Inna ce. Ni ne autanta, kuma da ƙyar da jiɓin goshi ta sake ni. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: duk abin da zan nema in nema, amma in dawo in same ta da ranta. To ga shi dokar ƙasar ta ce wanda ya zarce wa'adin bizarsa irin yadda na zarce, in ya fita, sai ya shekara goma kafin a sake buɗe masa ƙofa. In zauna ba takarda, ko in koma gida hannu rabbana, shekarun da na ɓata sun tafi a banza. Kowace Lahadi da safe nakan kankare katin waya in kira Yaya Auwalu, babban wanmu, ya kai mata wayar ɗakinta, lokacin su can rana ta yi tsaka. Tambayarta ba ta wuce biyu: ina cin abinci, kuma yaushe zan zo. Nakan daɗe a kan maganar abincin don kada lokaci ya isa ga ta biyun.

A wani kanti da ake sayar da kayan miyar Afirka na haɗu da Anti Saratu. Ina jujjuya ƙullin kuka ina mita ni kaɗai, ina cewa wannan ai garin ganyen mangwaro ne, sai na ji an ce daga bayana, “To ka ajiye musu abinsu mana.” Na waiwaya, wata gajeruwar mata ce da kayan nas a jikinta da ɗan gicciye a wuya. 'Yar Pankshin ce, ta daɗe tana aiki a wani asibiti a nan Largo. Ba ta tambaye ni ɗan wane ne ni ba, ta dai tambaye ni rabona da abincin kirki. A ranar na ci gwate a gidanta har na ji kunya, kuma kafin in tashi ta tatse labarina kaf.

“Ƙanena, tagumi ba ya ba da girin kad, takardar zaman ƙasar nan,” in ji ta. “Kana da satifiket na aikin jinya, ko? Kawo mini shi gobe.”

Ita ta haɗa ni da wani kamfani mai tura ma'aikata gidajen tsofaffi, suka yarda su tsaya mini, kuma ita ta kai ni wurin lauya. Lauyan ya ce akwai wata ƙofa guda da ba a rufe ba tukuna, amma layin yana da tsawo. Ya ja mini kunne kada in kuskura in bar ƙasar sai an kira ni intabiyu an buga mini hatimi, don in na fita kafin nan komai ya rushe. Na ce shekara nawa zan jira? Ya watsa hannuwa.

Zango na biyu shi ne Bowie. Gari ne na manyan gidaje da ciyawa shimfiɗe, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mai tafiya a ƙasa ba, kowa yana cikin mota. A nan aka ba ni wani tsoho in zauna da shi dare da rana. 'Yarsa Helen ce ta ɗauko shi daga ƙasarsu, Ostareliya, bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ita tana aiki a ɗaya daga manyan ofisoshin gwamnati na kudu maso yammacin Washington, tana fita tun da duhu, ta dawo a gajiye liƙis.

Na same shi zaune a bakin taga, dogo, jan fuska, hannun hagu a kwance kan cinya. Bai dubi fuskata ba, takalmina ya duba.

“Wa ya koya maka goge takalmi?”

Na ce ba kowa.

“Na ga alama. Sunana Len.”

Mutum ya girmi mahaifina, a ce in kira shi da sunansa gatsau? Bakina ya ƙi. Na gwada yallaɓai ya ce shi ba alƙali ba ne, na gwada baba ya ce bai tuna ya je Afirka ba. Da na ji Helen ta ce ya yi ritaya daga soja yana manjo, sai na kama wannan, shi kuma don ramuwa ya naɗa ni kofur. In na yi masa aski bai ji ciwo ba ya ce yana tunanin ƙara mini igiya, in shayi ya huce ya ce ya sauke ni zuwa kurtu.

Akwai wani baƙin abu mai gishiri da ake aiko masa daga gida a kwalba, yana shafawa a burodi kowace safiya. Ya matsa mini sai na ɗanɗana. Na ce masa wannan ai daddawa ce ta yi boko. Da na yi masa bayanin daddawa sai ya ce in dafa masa ya gani. Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, ya cinye tas, ya goge baki ya ce ya ci abin da ya fi wannan muni a Koriya, amma ba sau da yawa ba.

A hankali na tsinci tarihinsa, yau kaɗan gobe kaɗan, yawanci lokacin da nake murza masa hannun da ya mutu. An haife shi a wata gonar tumaki can cikin ƙasa, inda ruwan sama kan yi fushi ya shekara bai zo ba. Yana ƙarami ubansa ya rasu, uwarsa ta riƙe gonar ita kaɗai, ita ce sausayar tumaki, ita ce hawa sama gyaran injin rijiya. Da yake ba ni labarin fari da yadda suke kallon gabas suna jiran hadari, sai in ga kamar wani manomin Bakori ne ya yi ɓatan kai ya shiga jar fata. Ya ce ya shiga soja ne don ya ga teku. Ya gan shi kuwa, aka ɗora shi a kai zuwa Koriya yana kurtu, inda shayi ke daskarewa a kofi kafin ka kai baki. Daga nan dajin Malaya, inda matsattsaku ke shiga har cikin takalmi. Aka ga yana da kai aka tura shi makarantar hafsoshi, sannan Vietnam, yana kyaftin, da mutum sama da ɗari a ƙarƙashinsa.

Ni na zaci zan ji labarin harbe-harbe irin na fim. Ina. Labarin ƙafafu yake ba ni. Ya ce kowace yamma sai ya sa mutanensa sun cire takalma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba tsakanin yatsu, don daji mai ruwa yana ruɓar da ƙafa, sojan da ƙafarsa ta ruɓe kuwa sai an ɗauke shi, masu ɗaukar kuma ba sa riƙe bindiga. Yana tuna sunayensu da sunayen garuruwansu da wanda ke tsoron maciji. In ya zo kan wanda bai dawo ba, sai ya faɗi sunan, ya ce in ci gaba da murzawa.

Abin da ya fi haɗa mu shi ne asuba. Ranar farko da na tashi alwala na same shi zaune a bakin gado, ido biyu, bai kunna fitila ba. Na tsorata, na zaci jikin ne. Ya ce a daji, kafin ketowar alfijir kowane soja yakan tashi ya riƙe makaminsa ya yi tsit har gari ya waye, don lokacin ne aka fi kawo hari. Yaƙi ya ƙare, jikinsa bai samu labari ba. Tun daga ranar nake shimfiɗa dardumata a ɗakinsa. Ina salla, yana gadi.

Shi ma a ɗaure yake kamar ni. Likitoci sun hana shi doguwar tafiya a jirgi, ƙasarsu kuwa ba ta da kusa. Ni takarda ta riƙe ni, shi jijiya. Sai mu zauna a bakin taga muna kallon motar kwasar shara tana wucewa, kowa da garin da yake tunani.

Ina cikin shekara ta uku a gidan lauya ya kira ya ce an sa mini ranar intabiyu, wata Alhamis, saura 'yan makonni. Ban gama murna ba Yaya Auwalu ya ce Inna ta faɗi a banɗaki. Da farko tana karɓar waya, muryar dai ta yi ƙasa, har tana yi mini tsiya wai ko sai ta aiko da ɗan sanda zan zo. Hankalina ya tashi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na faɗa a gaban mutane cewa wallahi in jikin Inna ya yi tsanani zan watsar da takardun nan in hau jirgi, in ya so kada a sake bari na shigo har abada. Dakta Bashir yana wurin. Shi ne dattijon Hausawan yankin, babban likita, mutumin Zariya, wanda ake kai wa rikicin aure da rabon gado. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “A yi haƙuri, Malam Habibu, a bi a sannu.”

Daga nan Inna ta daina zuwa waya. In na kira, Yaya ya ce ta samu barci yanzun nan. Wata Lahadin ya ce an ba ta magani mai sa maye. Ya ce da sauƙi, ya ce tana gaishe ni, ya ce in mai da hankali ga abin da ke gabana. Ni ma'aikacin jinya ne, na san irin da sauƙin da ake faɗa wa dangi a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya, ni ma na sha faɗar ta. Amma daga nisan nan me zan yi? Ba ni da ido a Funtuwa sai nasa. Lambar wayar hannuna shi kaɗai ke da ita. Ta gidan Manjo ce na taɓa rubuta wa Inna a bayan hotona, yana nan jingine a ɗakinta, kowa ya shiga zai gani.

Saura mako guda da 'yan kwanaki, wata Talata da rana, na dawo daga karɓo wa Manjo magani na tarar da motar Dakta Bashir a ƙofar gida. Na shiga, ga shi zaune a falo, ga Anti Saratu da kayan aiki a jikinta, ga Manjo a tsakiyarsu. Mutumin da ko taron suna ba ya samun zuwa, me ya kawo shi Bowie ranar aiki?

“Hanya ce ta biyo da mu,” in ji Dakta, “muka ce bari mu ga tsohon da ya ƙwace mana kai.”

Anti Saratu ta miƙo mini kula cike da gwate, tana tambayata ko na kai kwat ɗina wurin guga, tana cewa kada in je intabiyu da gemun nan kamar ɗan tawaye. Suka yi ta raha. Na bi fuskokinsu da kallo ban ga alamar kuka ba. Na lallashi zuciyata ta kwanta, don ina so ta kwanta.

Amma Manjo ya canza daga ranar. Ya daina ƙara mini igiya, ya daina sauke ni. Wayar gidan, wadda da yake jin haushin ƙararta, ya ɗauke ta ya sa a aljihun rigar ɗakinsa, har banɗaki da ita yake shiga. Sau biyu na ji ta yi ƙara, ya ɗauka, ya saurara, ya karanto wata lamba a hankali, ya kashe. Na ce waye? Ya ce masu talla. Abinci kuwa sai ya tsakura ya ture.

Ranar Asabar da hantsi na fito masa da abin da na saya wa Inna, na'urar awon jini da rigar sanyi mai laushi, ina cewa da zarar hatimi ya hau takarda sai Funtuwa. Ya kalli kayan ya daɗe. Sannan ya ce in ajiye, in jawo kujera.

“Kofur, baƙinka na ranar Talata sun roƙe ni wani abu, na yi musu alkawari kafin in san nauyinsa. Ban taɓa karya alkawari ba, kuma na tsufa da koyo. Don haka ba zan gaya maka komai ba. Labari zan ba ka, ka buɗe kunnenka da kyau.”

Na zauna.

Ya ce a Vietnam an taɓa tura su wani babban samame cikin daji, makonni ba fitowa. Suna ciki saƙo ya iso hedikwata daga gida cewa uwarsa tana asibiti, ciwon daji ya cinye ta, likitoci sun ce kwanakinta kaɗan ne, kuma sunansa take kira. Jirgi mai saukar ungulu yana zuwa musu da abinci a kai a kai, da an so da an ɗauko shi. Amma kanar ɗinsu ya duba ya ga wanda zai maye gurbinsa sabon shiga ne, bai san dajin ba, bai san mutanen ba. Sai ya ninke saƙon ya sa a aljihu.

“Da muka fito ya kira ni tantinsa, ya zuba mini abin sha da hannunsa, ya miƙo mini saƙo biyu. Na farko ya ce tana nemana. Na biyu ya ce an binne ta.”

Na ce, “Allah sarki.”

“Duk mutanena sun fito da ransu daga wannan samamen, ko ɗaya ban rasa ba. Wataƙila da na tafi da ba haka ba. Shekara arba'in ke nan ban san ko in gode wa mutumin nan ko in tsine masa ba. Ba mugu ba ne, yana ƙaunata ma. Abu ɗaya na sani: bai tambaye ni ba. Uwata ce, ni ya kamata in zaɓa.” Ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya ya matse. “Ka fahimci abin da nake gaya maka?”

Na fahimta, amma da kunnen garinmu. A wurinmu ba a aiko dattawa biyu ranar aiki don ciwo. In ka ga ana ta ce maka tana barci, an hana ka jin murya, manya sun zo sun zauna suna raha da ba ta kai ciki ba, to an riga an dawo daga maƙabarta, ana jiran lokacin da za ka iya ɗauka ne kawai. Haka aka yi wa ƙanin babana yana aikin hajji, haka aka yi wa wata 'yar ajinmu har ta gama jarrabawa. Mu kuma ba ma ajiye gawa, wanda ya rasu da safe kafin la'asar ya kwanta. Ga shi labarin Manjo da binnewa ya ƙare. Na ce a raina shi ke nan, Inna ta tafi, babu sauran abin da zan yi wa gudu.

“Na fahimta, Manjo,” na ce. “Kada ka ƙara komai. Zan je intabiyu ranar Alhamis.”

Ya zuba mini ido har na sunkuyar da kai. Sannan ya saki hannuna.

“Zaɓinka ne, ɗana. Ba zan ga laifinka ba.”

Na shiga garejin gidan na rufe ƙofa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Ban taɓa jin na zama ba kowa ba kamar ranar. Ba ni da wanda zan karɓi gaisuwa a wurinsa, ba tabarmar makoki, ba wanda zan ce wa na sani, tunda kowa yana wahalar ɓoye mini ne don ya taimake ni. Sai na ga abin da ya rage mini shi ne in taya su. Na shiga yi mata addu'ar da ake yi wa mamaci a kowace sujada. Na dafa shinkafa na ƙulla a robobi na kai wa masu kwana a bakin tashar jirgin ƙasa, sadaka, Allah ya kai ladan kabarinta. Ranar Lahadi na ɗauko katin waya na juya shi na mayar aljihu. Na ce me zai sa in tilasta wa Yaya ya sake shirya mini ƙarya, shi da ke cikin nasa zafin? Ban kira ba.

Ranar Alhamis Anti Saratu ta kai ni Baltimore a motarta. Abin da na shekara da shekaru ina jira bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Wata mata mai furfura ta yi mini 'yan tambayoyi, ta duba takardu, ta buga hatimi. Ta yi murmushi ta ce yanzu ina iya zuwa ganin dangina in dawo lafiya lau. Na yi mata godiya. A hanyar dawowa Anti ba ta kunna rediyo ba, ni ma ban ce ta kunna ba.

Motoci uku muka tarar a ƙofar gida. Dakta Bashir yana falo da wasu dattawa biyu daga masallaci, Helen ta dawo da wuri tana tsaye a bakin kicin. Manjo ya sa farar riga, ya yi wa kansa aski da hannu ɗaya har ya yanke haɓa. Na gaishe su na zauna a ƙasa. Dakta ya fara da nasiha, rai da ajali, haƙuri da ladansa. Na bar shi ya kai aya.

“Na sani, Dakta,” na ce. “Allah ya saka muku da alheri. Wace rana ce?”

“Talata, bayan azahar.”

“Ranar da kuka zo nan ke nan.”

Ya dubi Anti Saratu, ta dubi ƙasa.

“A'a, Malam Habibu. Talatar nan ta shekaranjiya. Ranar da muka zo tana da rai. Jikin ne ya yi nauyi, tana ta kiranka, gwaggonku kuma ta samu lambar gidan nan ta rantse sai ta sa an gaya maka. Shi ya sa muka roƙi Manjo ya riƙe wayar, duk wanda ya kira ya ba shi lambata. Mu da yayanka muka ga saura ƙiris, in ka ji za ka tafi, wahalar shekaru ta zube. Muka yi fatan za ta kai. Allah bai nufa ba.”

Ban san lokacin da na juya wajen Manjo ba. Ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskata. Na ce masa da Turanci, “Ranar Asabar tana da rai?”

“Ka ce ka fahimta.”

“Na ɗauka ta riga ta rasu.”

Bakinsa ya buɗe. “Saƙon farko nake nufi,” ya ce. “Na farkon, Kofur. Na zaci ka auna ne ka zaɓi takardar. Da na san…” Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi, ya koma ya zauna. Da na hau jirgi ranar Asabar ɗin nan, da Litinin ina gabanta.

Wa zan kama? Dakta da ya bar marasa lafiyarsa ya zo don kada in yi asara? Anti Saratu da ta ɗauke ni daga wankin mota? Tsohon da ya kai bakin iyakar alkawarinsa ya leƙa har ya kusa faɗawa? Kowa ya yi iya ƙaunarsa. Na zauna a ƙasan falon nan ana ta addu'a a kaina, ina amsa amin, ban ji a jikina cewa ni ake yi wa ba.

Na je gida bayan an yi arba'in, na dawo na ci gaba da zama da Manjo har ƙarshen ransa, shekara biyu bayan nan. Ni na rufe masa ido. Ba mu sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma bai sake ba ni labarin yaƙi ba. Wani lokaci in ina yi masa aski sai in ga yana kallona ta madubi kamar zai yi magana, sai ya ce ruwan ya yi sanyi.

A waccan tafiyar, da Yaya Auwalu ya kai ni maƙabarta muka yi addu'a muka juyo, sai ya tsaya a gindin wata bishiyar darbejiya ya ce akwai abin da ya rasa yadda zai yi da shi, gara ya sauke. Ya ce ranar Lahadin ƙarshe Inna ta farfaɗo garau, ta sha kunu, ta gane kowa. Shi kuma ya gaji da ƙarya, ya yi wa kansa alkawari cewa ba zai kira ni ba, amma in na kira kamar kullum, to Allah ne ya so, zai ba ta wayar mu yi magana, duk abin da zai faru ya faru.

“Na gaya mata yau Lahadi, Auta zai kira,” in ji shi. “Ta sa aka jingina ta da bango, aka ɗaura mata ɗankwali. Ta ce in ba ta wayar ta riƙe da kanta, kada a tsaya nemana. Tana riƙe da ita a cinya tun azahar har aka kira magariba.”